Takardar inshorar da ke cikin motarka, wai me ka saya ne da kuɗinka?

Duk wanda ke tuƙi a Kano ko Kaduna ya san yadda abin yake. Mota ta daki mota a danja, kowa ya fito yana huci, jama'a su taru, masu ba da haƙuri na yi masu zuga na yi, a ƙarshe dai a kira fanel bita ya yanke kuɗin gyara, wanda ya yi laifi ya ce wallahi dubu ashirin ce a aljihunsa, a ce a yi haƙuri don Allah, a raba asara, kowa ya kama gabansa. Abin da ke ɗaure min kai shi ne duk su biyun fa akwai takardar inshora a cikin motarsu, tana nan a ninke tare da sauran fatikula, amma ko da wasa babu wanda zai ambace ta. A wurinmu takarda ce ta nuna wa ɗan sanda da 'yan KAROTA da VIO a wuce, shikenan amfaninta. Ka tambayi direba sunan kamfanin da ya yi masa inshorar, sai ya tsaya yana kallonka kamar ka tambaye shi sunan kakan kakansa.

Toh ni dai a ganina matsalar daga nan ta faro, mutane ba su san me suka saya ba. In ka sayi buhun shinkafa ka gan shi da idonka, ka ɗaga ka ji nauyinsa. Shi kuwa mai inshora alkawari yake sayar maka. Ka ba shi kuɗi yau lakadan, shi kuma ya ce in kaza ya same ka nan da shekara guda zai biya. Kai ba ka san ko zai cika ba, shi ma bai san ko gaskiya ka faɗa masa game da abin da ka kawo ba. Kowa na iya cutar kowa cikin sauƙi. Duk wata ƙa'ida da lauyoyi ke ta turanci a kanta a dokar inshora, in ka bi ta a hankali, za ka tarar ko dai ƙofar da kai za ka cuci kamfani ake toshewa, ko ƙofar da kamfani zai cuce ka. Kuma gaskiyar magana ita ce shekaru da yawa an fi ƙarfafa kuɓar ƙofar farko, ta biyun sai daga baya aka waiwaye ta.

Bari mu fara da ta motar tunda ita kowa ya sani. Wannan da ake ce wa tad fati, ba motarka take karewa ba, wanda ka buge take karewa. Kai ne na farko, kamfani na biyu, mutumin da tsautsayi ya haɗa ku a titi shi ne na uku. Dokar da ta wajabta ta tun 1945 take, zamanin Turawa, ba sabon abu ba ne. Shekara da shekaru naira dubu 5 ake biya wa ƙaramar motar gida, in ka lalata dukiyar wani kamfani ya biya har miliyan 1. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin dubu 15, iyakar diyyar dukiya kuma ta koma miliyan 3. Adaidaita sahu dubu 5, babur dubu 3, babbar mota dubu 100. In kuma rai aka rasa ko aka ji wa mutum ciwo, wannan ba a sa masa iyakar miliyan 3 ba, lissafinsa daban ne. Kaga kenan mutumin da ke rantsuwa a bakin danja cewa dubu ashirin gare shi, in takardarsa ta gaske ce, akwai miliyan 3 a bayansa bai sani ba. Shi kuma wanda ya bugi falwaya da kansa ya je kamfani yana cewa a gyara masa mota, aka ce masa a'a, ya dawo yana cewa 'yan inshora ɓarayi ne, wannan kam ba a cuce shi ba, abin da bai saya ba ya je nema. Mai son a gyara masa tasa sai ya yi inshorar gaba ɗaya, wadda kuɗinta ya danganta da darajar motar.

Ƙa'ida ta farko da ake koya wa duk ɗalibin lauya ita ce ta cikakkiyar gaskiya. A cinikin kasuwa, in za ka sayi akuya, kai za ka buɗe bakinta ka duba haƙori. A inshora an juya abin, mai kawo kaya shi aka ɗora wa nauyin faɗin aibinsu, domin shi ya san a shagonsa akwai jarkokin fetur a bayan kanta, shi ya san likita ya taɓa ce masa yana da hawan jini. Asalin maganar wata shari'a ce da aka yi a Ingila a 1766, Carter da Boehm. Shi Carter gwamna ne na wani sansanin Turawan Ingila a tsibirin Sumatra, aka yi masa inshora a Landan ko da abokan gaba za su ƙwace wurin. Faransawa suka zo suka ƙwace a 1760. Boehm, wanda shi ne mai inshorar, ya ce ba zai biya ba, don ba a gaya masa cewa ganuwar ba ta da ƙarfin tare sojan Turai ba. Alƙali Mansfield ya ce tabbas dole mai neman inshora ya faɗi abin da shi kaɗai ya sani, amma kuma, nan ne mutane ke mantawa, Carter ɗin ne ya bai wa gaskiya. Ya ce mutumin da ke zaune a Landan yana wannan sana'a ya fi gwamnan da ke can ƙarshen duniya sanin halin yaƙin da ake ciki, ba zai karɓi kuɗi ya yi shiru ba sai asara ta zo ya ce ba a faɗa masa ba. Wato tun ranar farko ƙa'idar kan mutum biyu ta hau.

Sai dai da tafiya ta yi tafiya kamfanoni suka mayar da ita makami. Mutum ya cike fom, bai faɗi wani abu ba don bai ma san yana da muhimmanci ba, ba a kuma tambaye shi ba, gobara ta tashi, sai a tono wannan abu a ce ai ka ɓoye, yarjejeniya ta rushe tun daga tushe, ga kuɗinka da ka zuba. Akwai ma wata dabara da ta fi wannan muni, a sa layi a ƙasan fom cewa duk amsar da ka bayar ita ce ginshiƙin yarjejeniyar, saboda haka ko kuskuren da bai shafi komai ba ka yi, misali ka rubuta lambar gida ba daidai ba, ya isa a hana ka diyya. Abin da zai ba mutane mamaki shi ne a kan wannan Najeriya ta riga Ingila gyara. Tun dokar soja ta 1988 aka taɓa shi, dokar inshora ta 2003 kuma, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta ɗauko shi a sashe na 54 da na 55: kamfani ya tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci a cikin fom, abin da bai tambaya ba an ɗauka ba shi da muhimmanci. Sannan ba zai ƙi biya don an saɓa wani sharaɗi ba sai in sharaɗin yana da alaƙa da asarar da ta faru, ko kuma akwai zamba. Su Ingila da suka kawo mana tsarin sai a 2012 suka yi wa talakawa masu sayen inshora irin wannan sassauci, na 'yan kasuwa kuma a 2015. A takarda muna gaba. A aikace kuwa, mutum nawa ne ya san da wannan tanadi balle ya ɗaga shi a gaban manajan da ke ce masa fayil ɗinsa na Legas?

Wani abu da nake yawan gani, ejan ne ke cike wa mutum fom, shi dai a nuna masa inda zai sa hannu. Ejan kuwa kamasho yake nema, duk tambayar da zai sa kuɗin ya ƙaru ko a ƙi karɓa sai ya rubuta a'a ya wuce. Dokar 2003 ta ce abin da ka faɗa wa ejan na kamfani kamar ka faɗa wa kamfanin ne, amma ranar rigima ta yaya za ka tabbatar ka faɗa masa, ga sa hannunka a ƙasan a'a? Dan Allah a riƙa karanta fom, in ba ka jin turanci ka sa yaronka ya karanta maka.

Ta biyu ita ce dole abin da za ka yi wa inshora ya zama asararsa za ta taɓa ka. Ba za ka yi wa gidan maƙwabcinka inshorar gobara ba, don ranar da ka matsu kai za ka kai ashana. Wannan ba raha ba ce, a Ingila ta ƙarni na 18 mutane sun mayar da inshorar rai caca, a ji wani babban mutum ba shi da lafiya sai a je a yi inshora a kan ransa ana jiran ya mutu a kwashi kuɗi, har sai da majalisa ta yi doka a 1774 ta hana. Shari'ar da ta fi ba ni tsoro a wannan babi ita ce ta Macaura a 1925. Mutumin yana da katako mai yawa a gandunsa a Ailan, ya buɗe kamfani ya sayar wa kamfanin katakon, hannun jarin kamfanin kusan duk nasa ne. Sai ya yi wa katakon inshora da sunansa na kansa. Wuta ta cinye. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce ba za a biya shi ko sisi ba, domin katakon na kamfani ne, kamfani kuma a idon doka mutum ne daban, ko da kai kaɗai ka mallake shi. Yanzu ka kwatanta da yadda muke kasuwanci a Kwari ko Singa ko Dawanau: an yi rajistar kamfani a CAC don a buɗe asusun banki, kaya na shigowa da sunan kamfanin, shago da sunan marigayi mahaifi ba a raba gado ba, mota an saya hannu na uku har yau sunan mai ita na farko ne a takarda. Duk waɗannan ramuka ne da ba a ganinsu sai ranar neman diyya.

Amma akwai wani wuri mai daɗi a nan da ya kamata a yaba. A dokar Ingila ta asali, kana iya yi wa ranka inshora, ko na matarka, ko na wanda kake bi bashi, amma ɗan ƙaninka maraya da kake riƙo, ko kawunka da ke biya maka kuɗin makaranta, ba su shiga lissafi. Sashe na 56 na dokar 2003 ya faɗa ƙarara cewa dangantakar da ke tsakanin mutane a ƙarƙashin al'ada ko shari'ar Musulunci, inda wani ya ɗauki nauyin ci da sha da kula da wani, ita ma dangantaka ce da doka ta yarda da ita. Waɗanda suka rubuta wannan layi sun san gidan Bahaushe ba miji da mata da 'ya'ya biyu ba ne.

Sai ta uku, wadda ita ce ta fi jawo zagi: inshora ba ta sa ka riba, mayar da kai take inda kake kafin asara. Motarka ta shekara goma ta ƙone, kuɗin mota mai shekara goma za a ba ka, ba sabuwa dal ba. In ka yi inshorar abu ɗaya a kamfani biyu ba za ka karɓa sau biyu ba, su za su raba biyan a tsakaninsu. In kamfani ya biya ka, haƙƙin bin wanda ya jawo asarar ya koma hannunsa, ba za ka karɓa nan ka karɓa can ba, kuma in ka je ka ce wa wanda ya buge ka na yafe maka duniya da lahira kafin ka sanar da kamfani, kana iya ɓata lamarinka, don ka yafe abin da ba naka kaɗai ba. Wannan ma wani wuri ne da halinmu na a yi haƙuri ke karo da takarda.

Inda ya fi ciwo shi ne lissafin raba asara in ka rage darajar kaya. Misali kayan shagonka na miliyan 20 ne, don kuɗin shekara ya yi sauƙi ka ce na miliyan 10 ne. Gobara ta ci na miliyan 6. Kai a zatonka tunda 6 bai kai 10 ba za a biya ka duka. Ina. Kamfani zai ce rabin dukiyar ka kawo mana, ɗaya rabin kai ka ɗauki nauyinsa da kanka, saboda haka rabin asarar za mu biya, miliyan 3. A hankalce ba zalunci ba ne, tunda kuɗin rabi ka zuba a tukunyar da kowa ke ci. Matsalar ita ce a Najeriyar yau ba sai ka yi wayo ba wannan zai same ka. Wanda ya kimanta kayansa a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, bai sake waiwayar takardar ba yana dai sabuntawa a kan tsohon adadi, zuwa 2024 dala ta haura 1,500, kayan nan guda sun ninka kuɗi, shi ya zama mai rage daraja ba tare da ya yi niyya ba. Kamfanin da ke da mutunci ya kamata ya tunatar da kai lokacin sabuntawa. Da yawa ba sa yi.

Ta huɗu ita ce tambayar me ya jawo asarar a haƙiƙa. A Janairun 1915 jirgin ruwan Jamus na ƙarƙashin teku ya harbi wani jirgin kaya mai suna Ikaria kusa da Le Havre ta Faransa. Bai nutse nan take ba, aka ja shi zuwa tasha, iska ta taso, hukumar tashar ta ce a matsar da shi waje, can ya riƙa dukan ƙasa duk sanda ruwa ya janye har ya karye ya nutse bayan 'yan kwanaki. Inshorarsa ta haɗarin teku ce, ban da yaƙi. Masu jirgi suka ce ai teku ce ta cinye shi, ita ce ta ƙarshe. Kotu a 1918 ta ce ba na ƙarshe ake dubawa ba, wanda ya fi tasiri ake dubawa, kuma harbin nan shi ne bai saki jirgin ba har ya nutse. Ba a biya ba.

Kar ka ce wannan labarin Turawa ne. Inshorar gobara ta gama-gari wuta da tsawa take ɗauka. Ambaliya, guguwa, tarzoma, waɗannan ƙari ne da ake saya daban. Ɗan kasuwar da ruwa ya shiga shagonsa a Kantin Kwari a damunar 2022, ko na Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a kansu a Satumbar 2024, in gobara zalla ya yi wa inshora babu abin da zai samu. Wanda aka fasa wa shago ko aka cinna wa wuta a zanga-zangar Agustan 2024 a Kano, wuta ce ta ci kayan ƙwarai, amma abin da ya kawo wutar tarzoma ce, sai a duba ko ya sayi wannan ƙarin. Bayan EndSARS a 2020 kamfanoni sun biya biliyoyin naira, mafi yawa a Legas, ga waɗanda takardarsu ta haɗa da tarzoma. Mu kuwa da kasuwar Sabon Gari ta ƙone a Maris 2016, dubban shaguna, da Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, abin da aka fi ji shi ne kwamitin tallafi da gudummawar manya, wanda ya samu ya samu.

Akwai kuma ƙa'idar in ba biya ba kariya, sashe na 50 na dokar 2003, wadda NAICOM ta fara tsanantawa daga Janairun 2013. Kafin nan bashi ake yi, musamman ma'aikatun gwamnati, a karɓi takarda ba a biya ba sai asara ta zo a ruga a biya. Yanzu in kuɗi bai shiga ba babu inshora, ko kana riƙe da takarda mai hatimi. A Nijar da Kamaru da Chadi ma haka abin yake, su dokarsu ɗaya ce da sauran ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ƙasa 14 da kundi guda, kuma a 2011 suka gyara sashe na 13 suka hana inshorar bashi.

Toh duk wannan tsakaninka da kamfani ne. Saura babbar tambaya, in ranar biya ta zo kamfanin ba shi da kuɗi fa? Nan ne aikin hukuma ya shigo. NAICOM an kafa ta a 1997, ita ke ba da lasisi, ita ke duba littattafan kamfanoni, ita ke amincewa da irin inshorar da za a sayar, tana kuma da sashen karɓar ƙorafi wanda kyauta ne, mutum na iya kai ƙara can kafin ya je kotu. Babban makaminta shi ne jarin da ake tilasta wa kamfani ya mallaka. A 2007 aka sa biliyan 2 ga masu inshorar rai, biliyan 3 ga na dukiya, biliyan 5 ga mai haɗa biyun, biliyan 10 ga kamfanonin da ke yi wa su kansu kamfanonin inshora inshora. Wannan adadi ya zauna shekara 18. Hukumar ta yi yunƙurin ɗaga shi a 2018 ta janye, ta sake a 2019 aka kai ta kotu abin ya tsaya. Ka yi lissafi da kanka: biliyan 3 a 2007 wajen dala miliyan 24 ce, a 2024 ta koma wajen dala miliyan 2. Kamfanin da jarinsa bai kai kuɗin gini ɗaya a Maitama ba shi ke cewa zai tsaya wa masana'anta. A 2022 hukumar ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kuma duk wanda ya san tsofaffin ma'aikata ya san yadda irin wannan rushewa ke barin mutane da takarda a hannu suna zarya.

A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, har da ta 2003 da ta motoci ta 1945 da ta jiragen ruwa ta 1961. Jari ya koma biliyan 10 na rai, 15 na dukiya, 25 na haɗaka, 35 na masu tsaya wa kamfanoni, aka ba su shekara guda su cika. An kuma tanadi asusun kare masu inshora in kamfani ya durƙushe, wanda a ganina shi ne abu mafi amfani ga talaka a duk dokar. Amma ko a nan ka sake lissafin dala: biliyan 15 wajen dala miliyan 10 ce, ba ta kai rabin ƙarfin biliyan 3 ta 2007 ba. Wato ba gaba aka ci ba, ramin da faɗuwar naira ta haƙa ake cikewa. Kuma jari kaɗai ba ya sa kamfani ya biya. Dokar 2003 ta ba da kwana 90 a biya diyyar da aka amince da ita, amma dabarar ita ce kar a amince ɗin, a yi ta neman takarda bayan takarda, rahoton 'yan sanda, rahoton 'yan kwana-kwana, rasit na kayan da suka ƙone tare da rasit ɗin, har mutum ya gaji ya bar wa Allah. Hukumar da za ta yi maganin wannan sai ta riƙa bugawa a fili, kamfani kaza an kai masa buƙata kaza, ya biya kaza, ya ƙi kaza, cikin kwana kaza. Ranar da mutane suka fara zaɓen kamfani da wannan allo, za a ga canji fiye da na ƙarin jari.

Ga kuma inshorar dole da ba mota kaɗai ba ce, mutane ba su sani ba. Ginin bene da ake kan yi, wanda dokar 2003 ta ce in ya haura hawa biyu, gine-ginen da jama'a ke shiga kamar otal da asibiti da makaranta da filaza, inshorar rai ta ma'aikata wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Wannan ta ƙarshen ta fi damuna, don magada da yawa suna bin kuɗin fansho na mamaci su tsaya nan, ba su san akwai wani haƙƙi daban da ya kamata wurin aikinsa ya tanada ba. Duk da wannan jerin wajibai, abin da harkar inshora ke tarawa a Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba.

Na san wani tun ɗazu yana cewa malam duk wannan surutu ne, inshora haramun ce. Maganar tana da tushe, ba za a share ta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta ce inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, ka biya ba ka san ko za ka karɓa ba ko nawa za ka karɓa, ga kuma zuba kuɗin a harkar ruwa. Akwai manyan malamai irin su Mustafa Zarƙa na Siriya da suka halatta ta, amma rinjaye na wancan ɓangare. Sai dai fatawar nan guda ita ta ce inshorar taimakekeniya halal ce, kuma ita ce takaful. Kamfanin farko a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka ba Noor da Jaiz lasisi a 2016. Bambancin shi ne kuɗin da ka zuba tabarru'i ne, wato gudummawa, cikin asusun mahalarta, kamfani wakili ne da ake biya ladan kula da asusun, in shekara ta ƙare an biya masu asara akwai rara sai a raba wa waɗanda suka zuba. Wanda ya karanta Risala ya san aƙila, yadda dangi ke haɗa diyyar kisan kuskure, tunanin bai yi nisa da wannan ba. Abin da nake so a gane shi ne takaful bai kuɓutar da kai daga ƙa'idojin can na sama ba. Faɗin gaskiya a fom, mallakar abin da ka kawo, lissafin rage daraja, musabbabin asara, duk suna nan daram, hasali ma in ka yi ƙarya a takaful 'yan uwanka mahalarta ka cuta, ba wani bature mai hannun jari ba.

Mu koma bakin danja. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara kamen tad fati a faɗin ƙasa, mutane suka yi ta rububin yin takarda, kuma a irin wannan rububi ne 'yan bakin ofishin lasisi ke cin kasuwa. Wani maƙwabcina ya ba wani yaro kuɗi ya haɗo masa takardun mota gaba ɗaya, aka kawo masa inshora mai kyau da tambari da launi, dubu 5 kacal, yana murna ya samu sauƙi. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, ka danna *565*11# a waya ka sa lambar mota zai nuna maka ko akwai inshora ta gaske a kanta. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar na ce kawo lambar mu gwada. Muka sa, babu motarsa a ciki. Ya ce ƙila matsalar netwok ce. Muka sa tawa ta fito da sunan kamfani da ranar ƙarewa, muka sake sa tasa har sau biyu, shiru. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce toh ai dai 'yan sanda sun karɓa jiya a Kwanar Dangora, ya ninke ta ya mayar cikin mota.